Ba a Yanka Uba Sai Ɗa Ya Yi Cara

Daga Allah muke, kuma can muka dosa gaba ɗayanmu. Surukata, mahaifiyar maigidana, wadda kowa a unguwarmu ke kira Inna, ta riga mu ranar wata Talata a ƙarshen daminar bara. Ba ta yi jinya ba. Bayan azahar tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai, na zo karɓar faifan, na tarar hannu ya saki.

Kafin la'asar gida ya cika. Na zauna makoki da yawa, amma ban taɓa jin irin maganganun da na ji a na Inna ba. Wata maƙwabciyarmu ta share hawaye ta ce, "Allah ya jiƙan Inna. To yanzu wa zai duba mana kaji?" Sai kunya ta kama ta, ta toshe baki da gefen mayafi, amma ba wadda ta ga laifinta, don abin da ke ran kowa ke nan. A waje wani tsohon masunci ya riƙe hannun maigidana ya ce yau mai sanin ƙofar gidan kowa a ƙarƙashin ruwa ta tafi. Wata Bafillatana kuma ta taso tun daga wajen Burumburum da kaza a hammata, ba ta ji labari ba, sai a zaure ta ci karo da makara. Ta tsaya ta ce, "Alla hokku munyal," wato Allah ya ba da haƙuri, ta nemi gefe ta zauna da kazarta a cinya. Har yamma daga ita har kazar ba wadda ta yi ko tari.

Maza na dawowa daga maƙabarta, ladan na gyara murya zai kira magariba, sai ga jan zakaran Inna ya fito daga ɗakinta. Ya ratsa tsakiyar mata a hankali, kamar mai neman wani a cikinmu, ya hau turmi, ya juya wajen ruwa, ya yi cara sau uku da wata dusasshiyar murya. Zankonsa, jan naman nan da ke tsaye a kan zakara, ya yi fari fat. Tsakar gida ta yi tsit. Na ji wata tsohuwa a bayana tana raɗa cewa shi ma ya sa likkafaninsa.

Ni na san dalili. Kwana huɗu ke nan Inna ta kifa shi a kwando a ƙuryar ɗakinta saboda ciwon da ke zankon. Masu ɗauko tabarmi suka ture kwandon, shi kuma da ya fito daga duhu ya ɗauka gari ne ya waye. Na san haka sarai. Duk da haka na kasa miƙewa in kama shi.

Washegari da safe Yaya, wan maigidana kuma babban ɗan Inna, ya tsaya a bakin zaure ya sa aka kira ni.

"Zakaran nan a ɗaure shi. Gobe sadakar uku, da shi za a yi."

Na durƙusa na ce, "Yaya, ku yi haƙuri. Ɗansa bai yi cara ba."

"Mai wannan dokar ta tafi," in ji shi. "Zakaran da ya yi cara da magariba ba a ajiye shi, kowa ya sani. Ga cuta a kansa, ga yara a gida. Sabo da kaza ba ya hana yanka."

Yaya mutum ne mai faɗa da camfi. In ya ji mace ta hana yaro zama a kan turmi sai ya yi mata huɗuba. Amma ranar ko inda kwandon yake ya kasa kallo. Ban tuna masa huɗubarsa ba, don mai maraici ba a yi masa gori. Na dai ce nama mai cuta bai dace da sadakar Inna ba, a ba ni zuwa arba'in in warkar da shi tukuna. Wannan ce ta kama shi. Ya ce, "Arba'in. Ko ɗan ya yi cara ko bai yi ba, ranar za a yanka."

Dole in faɗi abin da ya sa mace mai 'ya'ya biyar ta durƙusa tana roƙo a kan zakara, surukarta ko kwana biyu ba ta yi a ƙasa ba. Shi ne ma dalilin wannan rubutu, don in ban faɗa ba, nan da 'yan shekaru za a ce wata tsohuwa ce kawai mai son kaji.

Inna ba 'yar nan ba ce, kamar yadda duk tsofaffin unguwarmu ba 'yan nan ba ne. Garinsu yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Lokacin da aka ce su tashi za a yi dam, tana goyon Yaya. Maza suka kwashi hatsi da ƙyamare da azara, ita kuma ta ɗauko kwando a ka, da jan zakara ɗaya da kaji biyu a ciki. Ta baro kabarin mahaifiyarta, da na 'yarta ta fari, da kukar da ke ƙofar gidansu. Takan ce, "Ƙasa ba ta ɗaukuwa, kabari ba ya ɗaukuwa. Murya kaɗai na ga za ta shiga kwando."

Irin wannan zakaran ta riƙe tun daga ranar har ta koma ga Allah. Ana gane su da zankon da ya karkata hagu kamar karin hula. Dokarta guda ɗaya ce: ba a yanka uba sai ɗa ya yi cara. Ko suna ake, ko Sallah ce, ko baƙo ya sauka daga Makka. Ranar da ɗan ya buɗe baki, sai ta ɗauke shi ta kai shi bakin ruwa, ta wanke masa ƙafafu, ta juya fuskarsa wajen garin. Sannan ta dawo ta ba da uban a yanka, a raba naman sadaka, ladan ya kai ga waɗanda aka baro a can. Liman ya taɓa aiko mata cewa abin yana kama da tsafi. Ta ce a gaya masa ita ba ta roƙon ruwa komai, jika ta kai ya gaida kakanni. In shi ba ya kai nasa jikokin gaisuwa, wannan tsakaninsa da danginsa ne.

Ina amarya na yi mata ƙorafi, cikin wasa, cewa zakaranta yana riga na kowa tashi, yana hana ni barcin asuba. Tana kaɗi ta ce, "Ai ba shi ke farawa ba, 'yar tudu. Amsawa yake yi."

"Wa yake amsa wa, Inna?"

Ta nuna wajen ruwa da haɓa, ta ci gaba da murza mazari.

'Yar tudu take ce mini, don ni 'yar Kiru ce, garinmu na nan inda kakanni suka bar shi, ba abin da ya taɓa cinye mana ko katanga. A ganinta mu 'yan tudu ba mu san komai ba sai tuwo da barci. Shekara ashirin da biyu ban ji sunana a bakinta ba. Na shiga ɗaki na yi dariyar maganar zakaran. Amma daga baya, in na fito alwala, sai na lura kafin ya yi cara yakan karkata kai gefe, ya yi shiru, kamar wanda ake yi wa magana daga nesa. Masunta ma suna da nasu labarin, wai in iska ta kwanta sukan ji cara daga ƙarƙashin jirgi. Su kuwa masunta, in ka biye musu, kifi ma yana sallama.

Riƙon wannan irin ne ya mai da Inna likitar kaji. Wanda ke tsoron kada zakara ɗaya ya mutu masa, dole ya koyi duk abin da ke kashe zakara. Ranar kasuwar Tudun Wada mata kan biyo ta gidanmu da kaji a hammata, wasu daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Ba ta fara tambayar mai kaza komai. Takan ce mutane na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to labarin zakara a tambayi zanko, shi bai iya ƙarya ba. Sai ta matse shi tsakanin gwiwoyi, ta juya kan wajen rana, ta shafa da babban yatsa, ta shinshina. In zanko ya koɗe ya yi laushi, ta ce wani abu ke shan jininsa, ta ɗaga fiffike ta busa gashin, sai ga ƙwarƙwata na gudu. In baƙin ɓawo ne a gefe ɗaya, ta miƙa wa mai shi ta ce, "Naki ba ciwo ke damunsa ba, rashin kunya ce. Faɗa ya yi, kuma shi aka ci." In ƙuraje ne suka taso da damina kamar ƙwayar dawa, ta ce aikin sauro ne, kada a ɓare, a shafa aidin a ba shi sati uku, amma sai ta buɗe bakin ta leƙa maƙogwaro, don in sun shiga ciki labari ya canza. Zankon da ya yi duhu kamar ɗinya shi kaɗai ne ba ta taɓawa. Daga nesa za ta ce, "Koma da shi, kada ki bi ta gaban akurkina. In ya mutu ki binne da zurfi."

Rigimarmu mafi girma a kan zanko aka yi ta. Shekarata ta uku a gidan, Inna ta tafi Ba'awa wajen ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, ta kwana biyar. Na ga baƙaƙen ɗigo sun taru a zankon zakaran wancan lokacin da gefen idonsa, kamar an barbaɗa masoro. Ƙuma ce, irin mai kafewa a fata, a nan ban yi kuskure ba. A gidanmu na ga ana sa kananzir, ni kuma ina so ta dawo ta ga 'yar tudu ma ta iya wani abu. Na jiƙa tsumma na goge masa sosai. Ƙumar ta mutu. Idon ma ya mutu, zankon ya saluɓe kamar ƙunar ruwan zafi.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi zakaran, ta dube ni, ta shiga ɗaki. Wata guda cur in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Da yatsa take ɗura masa jiƙaƙƙen tsaki, a ɗakinta yake kwana, har Allah ya sa ɗansa ya yi cara. Na yi kuka a ɓoye har na gaji, na kuma ji haushinta ƙwarai. Na ce wa maigidana a gidan nan kaza ta fi mutum daraja. Ya ce in yi haƙuri, shi ma a haka ya tashi.

Ranar da ta huce ba ta ce ta huce ba. Wata mata ta kawo zakara mai irin wannan ƙumar, sai na ji an ce, "'Yar tudu, miƙo man kaɗanya." Na kawo. Ta kama yatsana ta dangwala a man, ta ɗora a kan zankon, ta danne hannuna da nata. "Ƙuma ma numfashi take kamar ke. Toshe mata za ki yi, ba ƙona gida ba. Gobe a ƙara, jibi a ƙara, a share akurki a ƙone sharar, a zuba toka." Daga ranar na zama mai riƙe mata fiffike. Shekara goma sha tara ina wannan aikin, ko sau ɗaya ba ta tambaye ni me na gani ba.

Kada a ɗauka zuciyarta ta tsaya a kan kaji. Lokacin da ɗana na uku ya koma yana wata bakwai, kowa ya zo ya ce in yi haƙuri, ita ba ta ce ba. Ta zauna kusa da ni har aka watse, sannan ta ce, "Naki yana kan tudu. Ruwa ba zai hau shi ba." Ƙwan kajin wannan irin kuwa ba a ci, ko maigidana bai san ɗanɗanonsa ba. Sati biyu kullum sai na tarar da guda biyu dafaffu a rufe a ƙofar ɗakina. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban iya yi mata godiya ba, yanzu kuma ga shi ina yi a takarda.

Bara da bazara cutar nan mai share akurki ta shigo unguwa. Kajin Inna suka tafi, sai jan zakara da kaza ɗaya. Kazar ta ƙyanƙyashe shida, shirwa da muzuru suka raba biyar tsakaninsu. Saura tsako ɗaya, namiji, da ɗan zankonsa a karkace. Inna takan dube shi ta ce, "Zakaran da Allah ya nufa da cara," amma ba ta ƙarasa karin maganar.

Ranar Juma'ar da ya rage mata kwana huɗu a duniya, ta kira ni da hantsi, jan zakaran a cinyarta. "Zo ki duba mini. Idona ya yi hazo yau."

Na karɓe shi na juya kan wajen rana. Zankon ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Na kankara da farce, ya zubo kamar dusa, ƙasan ba jini. Na shinshina, na ji warin dawar da ta sha danshi a rumbu. Na buɗe gashin wuya na ga abin ya fara gangarowa, gashi na zubewa. Maƙogwaro lafiya, ƙarƙashin fiffike lafiya.

"Makero ne, Inna, irin mai fitowa a kan yara. Danshin daminar nan ne."

"Sai a yi yaya?"

"A raba shi da ɗan. A wanke da sabulun salo da ruwan ɗumi, a bar shi ya bushe a rana, a shafa farar wuta da man kaɗanya, safe da yamma. Wanda ya taɓa ya wanke hannu, don yana kama mutum."

"Kananzir fa?"

Na ɗago na ga tana danne dariya. Shekara goma sha tara, sai ranar ta yi mini gorin. Ta daɗe tana kallon tsakar gida, sannan ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ɗa ya yi cara."

Na waiwaya na ga ɗan zakaran yana tonon bola, ko wuya bai miƙa ba. Na ce, "Inna, kunnenku ne. Wannan da sauran wata guda ko fiye."

Ta ce, "Haka ne?" Ta kifa kwando a kan uban.

Da la'asar ta ce in raka ta bakin ruwa sayen kifi, abin da ba ta saba ba. Dam ya cika ya tumbatsa, ba masunci ko ɗaya a gaɓa, ba iska, ruwan ya kwanta shiru. Ta ɗaga sanda tana nuna mini: can kukar, can masallaci, can gidansu, daidai inda wancan tsuntsun ya sauka. Ni ban ga komai ba sai ruwa. Ta yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gida, ta tsaya daidai yadda ake tsayawa a jira amsa. Sannan ta dubi ƙasa ta ce, "Dubi ƙafarki, duk taɓo." Kafin in ankara tsohuwar nan ta sunkuya tana kamfatar ruwa da hannu tana zuba mini. Kunya ta kusa kashe ni, uwar miji guda a gaban ƙafata. Na ja baya ina cewa, "Inna, don Allah, Inna," ta riƙe idon sawuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, sai da ta wanke duka biyun. Muka dawo ba kifi. Washegari na gan ta tana zura zare a allura ba ko lalube, na ce a raina hazon ya wuce ke nan.

Wannan shi ne zakaran da Yaya ya ba ni kwana arba'in a kansa.

Tun daga carar magaribar nan bai sake yin wata ba. Na mai da shi bayan rumbu a kwandonsa. Safe da yamma in wanke, in shanya shi, in shafa. Ya rame, yana cin tsaki kamar ana roƙonsa. Mata masu zuwa gaisuwa suka riƙa kewaye wannan gefen gidan, wata har tofi take yi wa ɗanta in sun wuce. A sati na biyu makeron ya fito mini a wuyan hannu, zobe guda. Yaya ya gani ina miƙa masa ruwa, ya ce, "Kin gani ko?" Na ce na gani, na je na shafa wa kaina abin da nake shafa wa zakara.

Abin da zan faɗa yanzu ban faɗa wa kowa ba sai maigidana. A kwana na tara na fito alwalar asuba, gari shiru, zakarun unguwa ba su fara ba, don na Inna ne ke tashin su. Ina tsugune da buta sai na ji cara daga wajen ruwa, siririya, can nesa. Aka yi shiru daidai tsawon da namu zai amsa. Aka sake yi. Na ji motsi a kwando, na leƙa, ya karkata kai, ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Daga nan ba a ƙara ba. Maigidana ya ce daga bukkokin masunta ne na tsallake. Wataƙila. Sai dai in ruwa ya cika haka, ba a zama a bukkokin. Kullum asuba sau biyu ake yi a daina. Da farko tsoro nake ji, har nakan bar butar in koma ɗaki. Daga baya tausayi ya fi ƙarfin tsoron, don ba abin da ya kai ciwon a yi sallama a ƙofar gidanka ka ji, ka kasa amsawa.

A sati na uku farin ya gangaro har rabin wuya. Na tsorata. Na aika kemis aka sayo shuɗin maganin nan da ake shafa wa ciwo, na riƙa sa shi da safe, farar wuta da yamma. Na ƙone tsohon kwandon da sharar da ke ƙarƙashinsa, na saka sabo. Yara suna ta dariyar zakara mai shuɗin kai. Ni kuwa ina yi masa magana kamar mutum, ina ce masa ya riƙe, kada ya kunyata ni gaban Yaya. Wajen kwana talatin ja ya fara dawowa daga bakin zankon. Uba ya warke. Ɗan ne ya ƙi. Ya yi tsayi, ya yi jela, yana bin kaza yana ƙafafa, amma baki gum. Kullum sai na tsaya a kansa in ce, "Kai, buɗe baki mana, me kake jira?" Ya dube ni da ido ɗaya ya ci gaba da tono.

Ana gobe arba'in, da yamma, na tarar da Yaya a zaure yana wasa wuƙa. Na durƙusa zan wuce, bai ɗago ba ya ce, "Ni Inna ta goya a baya, zakara ta ɗora a ka. Tun ranar shi ne a sama." Ya yi wata dariya da ba dariya ba. A nan na gane ba camfi kaɗai ke cin Yaya ba. Ya gwada kaifin da babban yatsa ya ce, "Na ce arba'in, arba'in ne."

Da asuba na fito da buta. Carar nesa ta zo. Shiru. Ta sake zuwa. Na san daga nan ba a ƙarawa, na fara zuba ruwa a hannu. Sai na ji wata muguwar murya daga kan dangar bayan rumbu, kamar an taka gwangwani, ta fara ta karye a tsakiya. Ɗan ne, ya miƙe wuya har yana neman faɗowa. Ya sake gwadawa, ta fita gaba ɗaya. Sannan daga cikin kwando uban ya saki tasa, cikakkiya, sau ɗaya tak. Zakarun unguwa suka ɗauka. Na zauna a ƙasa da butar a hannu, na yi kukan da ban yi ba ranar Talatar.

Yaya ya ji yana hanyar masallaci. Da ya dawo ya tsaya a bakin zaure, idonsa ja, ya ce, "Ki kai ɗan bakin ruwa tukuna. Wuƙa za ta jira."

Inna Ƙarama, da ta zo daga Ba'awa don sadakar, ita ta raka ni. Na sunkuya a gaɓa na wanke wa ɗan zakaran ƙafafu, na juya fuskarsa wajen da aka nuna mini, inda ban ga komai ba sai ruwa. Tana tsaye da sandarta ta ce, "Kin san ranar Asabar ɗinta ta ƙarshe yayata ta aiko mini da goro? Ta ce in zo mu yi sallama, ɗa ya yi cara. Ruwan sama ya hana ni, na ce sai Laraba."

Na ce, "Ai ruɗewar tsufa ce, Inna. Ni ma ta gaya mini haka. Sai yau ya yi."

Ta dube ni. "Yayata ba ta taɓa ruɗewa a kan cara ba. Ta kawo ki nan?"

"Ta kawo ni. Sayen kifi."

"Ta wanke miki ƙafa?"

Na tsaya da zakara a hannu ina kallon ƙafafuna a cikin ruwa.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta da kaburburan da ta baro a ƙarƙashin ruwa, ya haɗa ta da 'yarta ta fari a inda ba a cewa kowa ya tashi. Mu kuma ya kyautata namu zuwan.

An yanka uban a ranar, Yaya da kansa ya bi gida-gida ya raba naman. Ranar kasuwa mata suna biyowa ta gidanmu kamar da, suna sallama suna tambayar ina 'yar tudu. Da asuba ina riga zakaran tashi. Yakan karkata kai, ya saurara, sannan ya amsa. Ba na gardama da masu cewa bukkokin masunta ne. Na dai daina cewa kunnen Inna ne.